Tsagar da ke Kumatuna

Fagge, Kano

Zuwa ga Baffa a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara duka. Yaya ciwon ƙafar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baffa, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san malamaina na Ingila sun turo ni in rubuta al'adun baƙin Sabon Gari. Ran Talata na tambayi wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da atamfa ma'anar tsagar fuskarta. Ta zayyana mini garinsu da zuriyarsu tiryan-tiryan. Sannan ta nuna kumatuna ta ce, "Kai fa, Malam? Taka ta ina ce?"

Sai na sunkuyar da kai ina jujjuya littafin da nake rubutu a ciki. Ta yi dariya ta ce, "Rufe littafin nan, je ka tambayo gida."

Wa zan tambaya? Baba ya rasu, wanzamin gidanmu ma haka. Kai kaɗai ka rage. Tun ranar ko layi ɗaya na kasa rubutawa.

Don Allah ka sa a rubuto mini asalin tsagar nan tawa, kada ka jira sai ka zo. A gaishe da kowa, a sa ni a addu'a. Na cika littafi uku da labarin fuskokin mutane, ban san tawa ba.

Ɗanka,
Sani