Labulen Buhun Shinkafa

Zuwa ga ɗana Bello,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Nan Mabera lafiya lau, sai godiya.

Maƙwabcinmu ya ɗora bene, tagarsa tana kallon tagar makewayinmu. Mata suka daina wanka da rana, cikin zafin nan. Mun rataya tsohon zane, ruwa ya ruɓar da shi.

Sai ɗiyarka Asma'u ta wanke buhun shinkafa, ta farke shi, ta yi masa baki da ƙyallen atamfa, ta ɗinke tsakuwa a ƙasansa don kada iska ta ɗaga shi, ta rataya shi a tagar. Haske yana shiga, ido ba ya shiga. Matar mai benen da kanta ta zo tana cewa, "Baba, a yi mini irinsa."

Ka ce a cire Asma'u daga koyon ɗinki. Ni dai ban yarda ba. Sai da furfura na koyi rubutun nan a ajin yamma, kada ka sa ta jira kamar ni.

Ka gaida Rabi da jikokina. A sa mu cikin addu'a.

Mahaifinka.