Yaya Bukar, Me Inna Ta Ce a Kaina?

Zuwa ga yayana Bukar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka a can Fatakwal. Mutanen gida duk lafiya lau. Goggo Falmata ta Chinade tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar Azare ne.

Yau wata biyar ke nan rabon da mu yi magana. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙar nan a shafina na sada zumunta ba a wayarka ba. A gaban mutane na yi maka fankama, shi ya sa na ga ya kamata a gaban mutane in kawo kaina.

Bari in fara da abin da ka daɗe da sani ko da ban taɓa furtawa ba: ina kishinka. Tun muna firamare nake yi. Inna ba ta yi boko ba, amma in mun dawo makaranta sai ta karɓi littattafanmu ta duba. Naka ta shafa shi ta ce, "Rubutun Bukar ko ni na kusa karantawa." Nawa kuwa ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce kaji ne suka yi dambe a kai. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi ta yaƙe.

Shekarar da jikinta ya fara ƙi, kai ne kake zama da ita bayan la'asar a gindin darbejiya, kana ɗaukar muryarta da tsohuwar wayarka. Yadda kakanmu ya taso daga Gashuwa ya zauna a Katagum, sunayen dangi, waƙoƙin daka da Kanuri, duk ka sa ta faɗa. Ni ina shagona ina gyaran wayoyin mutane, ina cewa Yaya ya rasa aikin yi.

Bayan rasuwarta ka sayo 'yar kwamfutar nan da ba ta wuce tafin hannu ba, ka jona mata faifan ajiya guda, ka ce nan muryar Inna za ta zauna. Ka kuma rubuta ƙaramar manhaja mai duba kowace murya kafin a karɓe ta: tana buɗuwa? Tsawonta ya kai na asali? Sunanta daidai ne? Kowane bincike da wurinsa da sunansa da Hausa, layi wajen talatin. Har Malam Sale mai shagon hoto, wanda bai taɓa rubuta manhaja ba, ya leƙa ya ce ya gane abin da ake nufi. A zauren dangi na waya kuwa kwana uku ana sa maka albarka. Ni da nake kwana da tashi cikin wayoyi ko sunana ba wanda ya ambata.

Aiki ya kira ka Fatakwal ba ka gama ba. Cikin muryoyi arba'in ka kwafe ashirin da biyar, ka bar mini sauran a memorin wayar. Ka kuma liƙa takarda a jikin kwamfutar da wannan kyakkyawan rubutun naka: "Modu, in za ka ƙara faifai, ka ba shi wutarsa daban. Ƙaramar nan ba za ta iya ciyar da biyu ba."

Yaya, takardar nan ta ƙona mini rai, har na ɓamɓare ta na ajiye gefe. Shekara bakwai ina gyaran waya, kai ne za ka koya mini wuta? Ga ƙaramin akwatin raba wuta mai cajarsa ka ajiye mini a aljihun tebur, na gan shi sarai, na mayar na rufe. Na sayo faifai na biyu na jona shi kai tsaye a jikinta. Fitila ta kama. Na ce to, ina maganar taka?

Ban tsaya nan ba. Na ɗauki layukanka talatin na murɗe su na matse su suka koma layi ɗaya tal, dogo, cike da baka-biyu da sauran alamomin rubutu. Na ɗauki hotonsa na sa a shafina, na rubuta cewa wasu sai sun cika takarda kafin su faɗi abin da wasu ke faɗa da numfashi ɗaya. Ban kira suna ba, amma kowa ya gane. Kai ma ka gane. Tun daga ranar ba mu sake magana ba.

Da nake kwafe sauran goma sha biyar ɗin na ji faifan yana ƙis-ƙis, yana ɗaukewa yana dawowa. Mai gyara ya san ma'anar wannan ƙarar: wuta ce ba ta isa. Amma layina ya ce duk lafiya, ni kuma layina nake son ya yi gaskiya. Washegari na goge memorin na zuba masa hotunan bikin wani abokina.

Juma'ar da ta wuce Goggo Falmata ta hau mashin tun daga Chinade, ta ce ta zo jin muryar yayarta. Na shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiyar, na kunna. Ta farko ta tafi daidai, Goggo tana share ido da bakin mayafi. Da na shiga cikin waɗanda ni na kwafe, Inna tana tsakiyar waƙa sai ɗif. Na kunna wata, ita ma ta yanke. Goggo ta dube ni ta ce ko wuta aka ɗauke. Na ce mata e. Ban yi ƙarya sosai ba.

Bayan ta tafi na buɗe layin nan nawa don in gano inda matsalar take. Wallahi Yaya, ni da na rubuta shi da hannuna na kasa karanta shi. Na fi awa ɗaya ina ƙirga baka-biyun da yatsa. Ashe wurin matsewa na zubar da binciken tsawo gaba ɗaya ban sani ba. Ko rabin murya aka ba shi sai ya ce lafiya. Kaji sun sake yin dambe.

Na ciro akwatin raba wutar daga aljihun tebur, na ba kowane faifai wutarsa, ƙarar ta ɗauke. Na nemo tsohon rubutunka, na karanta shi daga sama har ƙasa kafin shayina ya huce. Da na sa shi aiki ya gwada da tsawon da ka rubuta wa kowace murya tun farko, ya ware mini guda huɗu, kuma a ƙarƙashin kowacce ga saƙon da ka rubuta tun kafin ka tafi: "Wannan ta yanke a hanya. Kada ka goge ta asali." Har a nan ma ka riga ni, kuma na ji haushin hakan.

Uku daga ciki Allah Ya taimake ni, suna wayar Goggo, ka taɓa tura mata. Ta huɗun ba ta wurin kowa. Ita ce wadda ka sa wa suna "Inna kan 'ya'yanta". Ban taɓa sauraronta ba sai ranar. Ta yi maganarka mai tsawo, haƙurinka, natsuwarka, ina ji ina cije leɓe kamar yadda na saba. Sai ta yi 'yar dariyar nan tata, ta ce, "Shi kuwa Moduna, abin da mutane ba su sani ba..."

Nan ta yanke. Agogon da ke ƙasan muryar ya nuna da saura minti shida.

Shekara talatin da ɗaya ina jiran in ji abin da za ta faɗa a kaina in ba na wurin. Ta faɗa, an ɗauka, an ajiye mini, ni kuma na goge shi don in nuna na fi ka. Yanzu duk duniya mutum ɗaya ne ya ji minti shidan nan, wanda ya riƙe mata wayar. Wannan ma kai ke da shi ni ba ni da shi, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yanzu kishin bai sake ni ba.

Na cire hoton layin daga shafina. Takardarka na sake liƙa ta inda take. Ka yafe mini, Yaya. In ka yafe, ka kira ni, ko ka rubuto da hannunka, ka faɗa mini yadda ta ƙarasa. Kada ka gyara, kada ka ƙara mini komai don ka faranta mini. Ko kajin ne ta sake ambata, ina so.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya dawo mana da kai lafiya, ni kuma Ya wanke mini zuciya.

Naka ƙane, mai mummunan rubutu,
Modu
Azare