Tsuntsun Babanmu Ya Ciji Yaya, An Ba Ni Zuwa Juma'a

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin a ɓoye sunana, danginmu da yawa suna cikin gurup ɗin. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekarata ashirin da biyu, na gama sakandare, muna zaune a Malumfashi. Babanmu, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, yana kai masara Legas. Can wani mutum ya ba shi aku tun ina ƙarama, ba irin akun nan mai ruwan toka ba, wani ƙato ne da ake ce ma makaw, baya shuɗi, ƙirji ruwan ɗorawa, wutsiyarsa ta kai tsawon hannuna. Kwandasta Baba yake ce mashi. A kafaɗarsa yake zama, a hannunsa kaɗai yake cin abinci, mu ko kusa da kejin ba mu zuwa.

Da Baba ya rasu tsuntsun nan ya daina ci. Ya fige gashin ƙirjinsa da bakinsa har fata ta fito, safe da yamma ihu yake yi kamar ana yanka akuya, maƙwabta har aike suka yi. Babu wanda ya ce zai riƙe shi, sai na ce ni na ɗauka. Ranar farko da na miƙa mashi gyaɗa ya kama mani hannu, tabon yana nan. Na duba a waya, na ga wai irinsu suna daɗewa kamar mutum, mutum ɗaya suke sabawa da shi, kuma babba yakan yi watanni kafin ya yarda da sabon hannu, ba a damƙarsa, ba a yi mashi tsawa. Na nuna ma Yaya, babban wanmu, ya ce in rufa mashi baki da ilimin waya, tsuntsu tsuntsu ne.

To ga nawa laifin, ba zan ɓoye ba. An ƙulle kayan sawar Baba a ɗaki za a rabar sadaka ranar arba'in. Na kwance ƙullin na zare wata tsohuwar riga da yake sawa in yana gida, da hularsa. Da safe bayan an tafi gona na sa su, na zauna gefen kejin da gyaɗa a hannu. Wallahi sai ga Kwandasta ya sauko a hankali, ya leƙa ni da ido ɗaya, ya ɗauki gyaɗar a tafina. Kuka na yi. Kwana goma sha biyu ina haka, har gashi ya fara tsirowa a ƙirjinsa.

Shekaranjiya matar Yaya ta dawo ɗaukar buhu ta gan ni. Ko tambayata ba ta yi ba, ta fita da gudu tana salati. Kafin azahar unguwa ta ɗauka wai ina sa kayan mamaci ina magana da shi ta bakin tsuntsu. Gwaggonmu ta hau mashin tun daga Dayi, ta tsaya tsakar gida ta ce: "Ke 'yar nan, kin tare ma ubanki ladarsa saboda abin da ko miya ba a yi da shi? Wajen wa kika koyi tsafi?" Na ce mata ba tsafi ba ne, ta ce in yi shiru, mai idon ɓarayi.

Yaya ya baro sassaben masara ya shigo a fusace. Na roƙe shi kar ya sa hannu, bai ji ba. Ya buɗe kejin ya cafko ƙafafunsa biyu ya juya shi ƙasa kamar zakaran da za a kai ma mahauci. Tsuntsun ya lanƙwaso ya kama babban yatsansa, na ji ƙarar ƙas, jini har bango. Yaya ya sake shi ya ɗauko wuƙa da hagu, ni kuma na kife a kan kejin ina ihu. Kawunmu ne ya riƙe shi aka kai shi asibiti aka yi mashi ɗinki. Da ya dawo ya rantse in Juma'a ta yi tsuntsun yana gidan nan sai ya yanka shi. Rigar kuma sun ƙwace, tun ranar Kwandasta bai sake cin komai ba. Akwai wani mutum a Funtua da ya ce a ba shi, amma an ce mani mai haɗa magani ne, gashin da kan yake so.

Duk wannan da na iya jurewa. Jiya Mama ta kira ni ɗakinta, tana cikin takaba, ta ce ba ta yarda ina tsafi ba, amma in taimake ta in fitar da shi. Ashe in gida ya yi shiru tsuntsun yana yin tari irin na Baba, ya ce "Hajiya, kawo ruwa" da muryarsa sak. Ta ce mani: "Ɗiyata, sau biyu ina amsawa, har na miƙe na ɗauki kofi kafin in tuna."

Masu zagi ku bari, na sha a gida ya ishe ni. Waɗanda suka taɓa riƙe aku babba nake so su yi magana. In na kai shi wani gida zai ci abinci ko mutuwa zai yi? Akwai inda ake karɓar irinsu a kula da su tsakanin nan da Zariya ko Kano? Malamai kuma, ɗaukar rigar nan da na yi na cuci Baba ne? Yau Laraba. In bar uwata tana tashi ɗebo ma mamaci ruwa, ko in miƙa shi ga wanda na san yanka shi zai yi?