Bishiyar Da Ta Tare Wa Mijina Hanya

Solveig, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle.

Mijina Torvald ya samu shanyewar ɓarin jiki tun lokacin sanyi. Asibiti sun ce ba za su sallamo shi ba sai an yi gangare daga titi zuwa ƙofarmu, inda keken guragu zai bi. To, wata tsohuwar bishiya ce, irin ƙatuwar nan da muke kira ek, ta yi kane-kane a wurin, saiwoyinta duk sun ɗaga dakali. Dokar ƙungiyar unguwarmu kuwa, ko a filinka bishiya take, ba ka taɓa ta sai an kaɗa ƙuri'a. Shugabarmu Gunnel ta ce in bari tsuntsaye su gama ƙyanƙyasa. Na tambaye ta ko tsuntsu take aure. Na wanke ta tas a gaban jama'a har kofi ya huce.

Al'adarmu, kafin ƙuri'a sai an je an auna bishiya da jiki, a riƙe hannun juna a zagaye ta. Mu biyar muka miƙe hannuwa, da ƙyar yatsuna suka taɓa na Gunnel. Kumatuna na manne da ɓawon, sai na ji tana gunji daga ciki! Ashe ƙudan zuma ne a kogonta. Na ɗaga kai, reshe bisa reshe, ban ga ƙarshenta ba. An ce ta girmi cocin garinmu. Shekara talatin ina share ganyenta ina tsaki, ban taɓa kallonta ba.

Sun ba ni izini, Gunnel ce ma ta fara ɗaga hannu. Mai zarto na jiran kirana, na kasa. Torvald kuma kullum tambayarsa yaushe zai dawo gida. Anya ina da imani kuwa?

Mai Share Ganye

Mai Share Ganye,

Kina da imani, har ya yi miki yawa. Ni ma da na karanta sai da jikina ya yi sanyi. Ƙungiyarku ba ta yi laifi ba da take jan ƙafa, domin abin da zarto zai kayar kafin azahar, jikokin jikokinku ba za su ga irinsa ba. Ke ma ba ki yi laifi ba da kika yi faɗa don mijinki.

Sai dai na lura duk wasiƙarki babu inda kika tambayi Torvald. Ƙafarsa ce ta shanye, ba bakinsa ba. Gaya masa abin da kunnenki ya ji. Sannan ki kira kafinta ya duba ko gangaren katako zai hau bisa saiwoyin, ko ya zagaya ta ƙofar kicin. Ki kai wa Gunnel burodin kirfa, ki nemi afuwa, ki roƙi ƙungiyar ta sa hannu a aikin. Wanda ya ja ƙafa a kan sara, ai shi ya kamata ya ɗauki guduma.

In duk hanya ta toshe, ki kira mai zuma ya kwashe zumarsa, ki kira mai zarto, ki yi kukanki. Bishiyar ta sha zamaninta a gida. Torvald bai gama shan nasa ba.

Allah ya ba shi lafiya, ya dawo miki da shi.

Solveig