Takardun Gidan Wanki Sun Koma Cikin Waya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya gwargwado. Baban yara ya fara takawa da sanda daga ɗaki zuwa falo, hannun dama ne dai bai saki ba, magana kuma tana fita a hankali. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ba a yi mata gaggawa. Babba yana can wurin aikinsa, Auta kuwa ta gama karatu, ita ke taya ni a gidan wankinmu.

Kin yi ƙorafin na yi shiru. Ba mantuwa ba ce, Yaya, abubuwa ne suka sha mini kai. Kin san tun da muka fara wanke wa otal-otal da asibitoci zannuwan gado da tawul, Baban yara ke riƙe da duk wata yarjejeniya a kansa. Shi ya san wadda wa'adinta ya kusa, da wanda ake kai wa kaya kullum, da wanda bai yarda a sa masa sitati ba. Takardun suna cikin kabad ɗin nan na bayan injina, inda tururi ya jiƙa su har wasu suka manne da juna. Da ciwo ya kwantar da shi, sai na tsinci kaina a kujerarsa, ga ƙarar inji a kunne, ga waya ba ta daina kuka, ni kuwa guga da ninki na sani.

A haka muka rasa babban asibitin da ya fi kowa ba mu aiki. Ashe akwai sharaɗin cewa sai mun rubuta musu muna son sabuntawa kafin wa'adi ya cika. Ban taɓa ganin shafin ba. Da na je, mai kula da sayayyarsu ya karɓe ni da mutunci, ya ce ba su da ƙorafi a kan wankinmu, amma da suka ji shiru sun ɗauka mun haƙura, har sun sa hannu da wasu. Na dawo na sallami masu guga, har da Gwaggo mai guga wadda muke tare tun muna da inji ɗaya. Ta naɗe tsummar da take riƙe dutsen guga da ita, ta sa a jaka, ta yi mini addu'a ta tafi. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Bayan nan ne Auta ta kawo maganar wata manhajar waya ta kula da yarjejeniyoyi. Na ce ta rabu da ni, mai neman numfashi ba ya koyon sabuwar rawa. Ta ce ai in kiɗa ya canza dole ƙafa ta bi, ta kuma dage irin dagewar ubanta. Mun sha wuya kafin a zuba komai a ciki. Muka ɓamɓare takardun nan ɗaya bayan ɗaya, muka shanya su kamar kayan jarirai, ta ɗauki hotonsu. Alkawuran da aka yi da baki kuma, ta zauna gefen gadon babanta yana faɗa da ƙyar tana rubutawa, sannan aka kai wa masu su suka tabbatar.

Gaskiya abin ya yi rana. Yanzu tun wa'adi yana nesa waya za ta tuna mini, ta kuma tuna wa Auta, ba ta gajiya da naci. In lauya ya gyara wani sharaɗi, duk muna gani a wuri guda, babu sauran tambayar wace ce sabuwa wace ce tsohuwa. Sa hannu ma ta waya ake yi, direbanmu ya huta da yawon kai ambulan ofis-ofis ana ce masa manaja ya fita. Yana ta barkwanci wai an ƙwace masa dalilin yawo. Kwanan baya wani otal ya ce mun yi alkawarin wanke labule, kafin manajan ya gama magana na buɗe shafin na karanta masa, ya ba da haƙuri. Mun sabunta duk waɗanda suka rage, mun samu wata makarantar kwana, har na dawo da wasu masu guga. Na aika a kira Gwaggo, sai aka ce ta koma wurin ɗanta a wani gari, ba ta da niyyar dawowa.

Baban yara ne abin ya ɗan taɓa. Da, kullum na dawo sai na tambaye shi abu kaza, yana amsawa yana jin har yanzu da shi ake yi. Rannan ya dube ni ya ce, “Kin daina tambayata.” Tun daga ranar nakan ƙirƙiro tambaya in kawo masa, ko da amsar tana cikin jakata. Ina jin ya gane, amma yana amsawa.

Ni kuwa, Yaya, na ɗauka in nauyi ya ragu zan ji sakayau. Ashe gajiya jira take a sauke kaya kafin ta yi sallama. Ina zaune a ofis babu abin da ke bi na, amma tashi daga kujera sai na dafa tebur. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in ban huta da kaina ba, za a hutar da ni. Shi ya sa nake roƙon ki share mini ɗan ɗakin nan naki na baya. Babba zai ɗauki hutu ya zauna da babansa, Auta kuma ta riƙe gidan wanki. Kada ki shirya mini ziyara ko'ina. Barci kawai nake so in yi a gidan da babu wanda zai tambaye ni ranar da wani abu zai ƙare.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Takwarata, da 'yan biyu, da Kawu in ya leƙo. Baban yara yana gaishe ki, Auta ta ce a faɗa miki ta iya faɗa da manajoji. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki ta gidan wanki