Katin Binta a Ƙarƙashin Dutse

Zuwa ga Babban Likita mai kula da ɗakin awon yara na shiyyarmu,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka. Ni mazaunin Unguwar Dosa ne, aikina gyaran rubutu a maɗaba'a. Sau biyu na zo ofishinka aka ce kana taro, shi ya sa na biyo ta jarida. Maganar kuma ta wuce gidana ni kaɗai.

'Yata Binta bakwaini ce. Ranar da aka sallame ta daga asibitin haihuwa, sista ta rubuta haka da jan biro a saman katinta, ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta ce duk inda muka je a fara nuna wannan. Tana da wata biyu uwarta Hauwa ta kawo ta awo wurinku, ranar Laraba, ana tsakiyar marka. Lafiyarta ƙalau, ƙanƙanta ce kawai.

Ga yadda ake aiki a ƙofarku, ko da ba a taɓa gaya maka ba. Akawu yakan karɓi kati, ya kife shi a kan na wanda ya riga zuwa, ya danne da dutse don kada iska ta kwashe. Idan sista ta shirya sai a juya tarin, a yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. Ba mai duba abin da ke rubuce sai an zo kan mai shi. Na yarda tsarin ya hana 'yan alfarma tsallake layi. Amma a ranar ruwa ya koro kowa daga baranda zuwa ɗakin jira, aka rufe tagogi saboda feshi. Hauwa ta zauna tun ƙarfe takwas har azahar a tsakanin yara biyu masu tari. Ta tashi ta gaya wa akawu akwai jan rubutu a katinta. Ya ce mata kowa da ɗansa ya zo, ko 'yar gwamna ce sai an zo kanta.

Bayan kwana huɗu Binta ta fara mura. Kwana biyu a kai ta ƙi nono, numfashi ya yi sauri, haƙarƙarinta na lotsawa, ƙirjin na ƙara kamar usur. Muka dawo wurinku da safe, katin ya sake shiga ƙarƙashin dutsen nan. Wata dattijuwa daga Rafin Guza da ta kawo jikanta ce ta ga leɓunan yarinyar sun yi duhu, ta miƙe tana salati da ƙarfi, tana tambaya ko sai ta mutu za a zo kan katinta, har sista ta fito. Aka tura mu babban asibiti. Kwana tara ta yi ana sa mata iska ta hanci. Alhamdu lillahi, ta rayu.

Likitan da ya duba ta ya ce ƙwayar cutar irin ta mura ce, wadda fenisilin ba ya kashewa. Babban yaro zai yi majina na 'yan kwanaki ya warke, amma akwai yaran da take gangara musu ƙirji. Na ari littafin renon yara na duba, na tarar da abin da ya faɗa. Yaran su ne:

1. Bakwaini, da duk jaririn da bai kai wata shida ba, domin hanyoyin numfashinsa ƙanana ne, majina kaɗan ke toshe su.

2. Wanda aka haifa da ciwon zuciya ko na huhu, da mai tamowa, da wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba.

3. Wanda ke kwana cikin hayaƙi ko cunkoso. A nan laifin namu ne. Mahaifiyata ta riƙa sa kaskon gawayi a ɗaki don ɗumama jikanyarta, jiƙaƙƙen itacen wankan jego na turnuƙewa a bakin ƙofa, ni kuma ina shan sigari. Kaskon ya fita, sigarin na daina.

Saboda haka ban rubuto don in wanke kaina ba. Ba zan kuma rantse a ɗakinku ta ɗauka ba, ko da yake a makon nan babu mai tari a gidanmu. Abin da na tabbatar shi ne, bayanin da zai kare ta yana hannunku har sau biyu, a kife. Ba na neman a kori akawu. Abin da aka koya masa yake yi.

Ga roƙona. A karanta kati kafin a kife shi, a ware na irin yaran nan a gan su tukuna. A raba masu zuwa awo da riga-kafi daga masu tari, ko da baranda ce da ɗaki. Sista ta riƙa leƙo layi tana duba numfashin jarirai. A kuma yi wa iyaye bayanin hayaƙi da Hausa, musamman kakanni, don sun fi jin maganar mai farin kaya a kan ta 'ya'yansu.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne, lokacin riga-kafin Binta ya yi, Hauwa kuwa ta ce ita da bencin nan na ɗakin jira har abada, maƙwabtanta biyu sun bi bayanta. Ka fi ni sanin abin da ke jiran yaran da aka daina kawowa. Don haka Laraba mai zuwa ni zan ɗauko ta da kaina, in tsaya da ita a waje da laima. Idan rashin dutse na biyu ne ya hana a raba katunan gida biyu, na samo ɗaya, na shafa masa jan fenti, zan taho da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa albarka a hannun ma'aikatanka, ya raya mana yaran duka.

Wassalam.

Mahaifin Binta,
Unguwar Dosa, Kaduna.