Wai Tsaro, Tsaron Wa?

Selly Oak, Birmingham

Yaya Nuru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Hajar da yara? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Saƙonka ya ƙona mini rai. Wai na ɓoye muku na'urata don tsoron bakin dangi? Ni, Yaya? Na'urar da na ƙera don ta faɗakar da garinmu kafin baburan 'yan bindiga su iso?

Rajistar patent na kai ta, don kada wani ya sace fasahar, sai gwamnatin nan ta ce abin ya shafi tsaro. An hana ni nuna wa kowa zanenta, har kai. Lauyan jami'armu ya ce in na kuskura na aiko, gidan yari ne. Na ce masa tsaron wa? Na'urar tana kulle a durowarsu, ku kuna can ko gona ba kwa iya zuwa!

Don Allah kar Inna ta ji zancen gidan yari, ka ce mata dai ina neman addu'a.

Allah ya tsare mini ku, tunda ni an ɗaure mini hannu.

Ƙanwarka,
Zinatu